Gurbi Shida da Takalman Kaka

Shekara biyu bayan ruwan madatsar Tiga ya ci tsohon garinmu, ina aji shida a firamare, aka aiko wa kakana takarda ana gayyatarsa wasan dara a Maraɗi.

A lokacin muna zaune a sabon matsugunin da aka yanka mana, tafiya kaɗan daga garin Ƙofa. Layukan gidaje a miƙe suke kamar an ja su da zare, amma babu babbar bishiya ko ɗaya. Mazan garin wasu sun koyi kamun kifi, wasu sun kama noman rani a bakin ruwa. Babana ya haɗa duka biyun. Kaka kuwa ya tsufa da koyon sabuwar sana'a. Gonarsa tana ƙarƙashin ruwa, haka ma tsamiyar da ya shekara da shekaru yana dara a gindinta. Sai ya sa aka kafa masa rumfar kara a ƙofar gida, aka zuba yashi mai laushi, ya ci gaba da abin da ya iya.

Dara ba ta da kaya da yawa. Gurabe talatin ne ake tonawa a yashi, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, ɗaya ya riƙe duwatsu, ɗaya guntayen kara. A fara zubi ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga tafiya. Wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin wasansa guda. Duwatsun Kaka daga rafin tsohon gari ya tsinto su tun yana saurayi, sun yi santsi saboda hannu, suna cikin wata 'yar jakar fata da ba ya yarda kowa ya taɓa.

Aikina ne kowace safiya, kafin in tafi makaranta, in share rumfar, in yayyafa wa yashin ruwa don kada bakin guraben ya rushe, in sake tona su da bayan ludayi. Mata ba sa dara a garinmu, ni ma ban taɓa yi ba. Kallo kawai nake yi idan na kawo ruwan sha. Ni yarinya ce mai kunya ƙwarai. A aji sai malam ya ce in maimaita magana sau biyu kafin ya ji. Amma rubutuna yana da kyau, shi ya sa Kaka ke kirana Akawu.

Wani mai sayar da yadi da ke cin kasuwar Tudun Wada ne ya kawo takardar. Biyu ne a ambulan ɗaya. Ta farko da ajami, Kaka ya karanta abarsa da kansa. Ta biyu an buga ta da keken rubutu cikin Faransanci, da hatimi a ƙasa. Har shugaban makarantarmu aka kai wa, ya juya ta ya ce ta nuna wa ma'aikatan iyaka ce, a adana ta kada ta jiƙe. Abin da ta ajamin ta ce shi ne, wani attajiri a Maraɗi zai tara tsofaffin gwanayen dara daga Nijar da Nijeriya, har da wasu daga zangon Hausawa na Gana. Sai wanda ya haura shekara sittin. Tunda ba mai takardar haihuwa, furfura ce shaida.

A can ƙasan takardar akwai layi ɗaya da wani hannu dabam ya rubuta. Kaka ya karanta shi sau biyu, na biyun a hankali: "A gaya wa Bakano, in wannan karon ma jakunansa na sauri, ya faɗa tun da wuri."

Duk gidan mun san wannan labarin. Shekara kusan arba'in da suka wuce, Kaka yana fataucin kanwa da jakuna, ayarinsu ya yada zango a Maraɗi. Nan ya haɗu da wani majemi, suka yi kwana uku suna dara. Kowa ya ci biyu. An gama zubin na biyar ke nan madugu ya aiko a ɗaura kaya yanzu-yanzu, Kaka ya tashi ko sallama bai samu yi ba. Tun daga nan duk fataken da suka fito daga can sai sun kawo saƙo: majemi yana gaida Bakanon da ya gudu. Kaka yakan yi dariya, amma na lura ranar da saƙon ya zo ba ya cinye tuwonsa.

Yanzu attajirin ya ce da su biyun za a buɗe wasa, ranar Alhamis bayan la'asar, a gaban kowa. Wanda bai zo ba, an ci shi.

Su uku za su tafi daga yankinmu. Akwai Kaka. Akwai wani tsohon tela na Ƙofa, mai yawan magana, wanda ya saba aske gemunsa tas, dole ta sa ya bar shi ya tsiro don a ga fari. Sai wani dattijo daga Ɗansoshiya, dogo, mai nauyin ji, wanda idan zai yi raɗa har makwabta sai sun ji. Mako uku suna haɗuwa a rumfar Kaka suna shirin tafiya, ni kuma babana ya ce in riƙa zama daga gefe da littafina ina rubuta abin da aka yanke.

Shirin tafiyar tsofaffi ba kamar na matasa ba ne. An kai su an ɗauke su hoto, an kai su asibiti an yi musu allurar matafiya an ba kowa kati. Hannun tela ya kumbura kwana biyu, ya ce da gangan aka zaɓi hannun da yake zubi da shi. Babana ya nemi direban da zai ba su gaban mota saboda gwiwar Kaka. Tela ba ya iya awa biyu bai sauka ya kama ruwa ba, don haka aka saya masa buta tasa shi kaɗai. Kakata, wadda muke kira Iya, ta soya ƙuliƙuli, ta ɗaure man zafi da garin magani a tsumma. Aka cika kwando da bandar kifin Tiga, tsarabar masu masauki.

Masu masaukin su ne ainihin maganar. Da matashi ne, kwana ɗaya a Katsina ya ishe shi. Amma a wurin su Kaka, mutum ba ya ratsa garin da yake da ɗan'uwa ko tsohon amini ya wuce a mota kamar kaya. Sai ya sauka, ya gaisa, ya yi ta'aziyyar duk wanda ya rasu tun rabonsa da garin, ya kwana. Sai aka jera: Kano, gidan ɗan tela, inda za a canza mota. Bichi, gidan ƙanwar Kaka. Kankiya, inda mutumin Ɗansoshiya yake da ta'aziyyar surukinsa da bai samu zuwa ba. Katsina, gidan wanda ya koya wa tela ɗinki, shi ya rasu amma 'ya'yansa suna nan. Sai Jibiya, gidan da su Kaka suke sauka zamanin fatauci, daga nan a tsallaka da safe.

Ni na rubuta wasiƙun da aka ba direbobi su kai. Ba wadda aka sa rana a ciki. Duk cewa suke muna tafe cikin makon nan idan Allah ya kai mu. Wasiƙa huɗu na rubuta. Da na tambaya da ido ko akwai ta Bichi, Kaka ya ce gidan 'yar'uwarsa ba ya bukatar takarda.

Da farko an yanke su tashi ranar Alhamis, mako guda cif kafin wasa, kwanaki har da rara. Sai mahaifiyata ta haihu ranar Asabar. Namiji ne, kuma na farko bayan mu mata uku. Ba yadda za a yi suna Kaka ba ya nan, don haka tafiya ta koma Asabar ta gaba, da an watse daga suna.

Ranar Lahadi suka zauna sake lissafi. Tela ya ɗaga hannun hagu ya ƙirga garuruwa: Kano, Bichi, Kankiya, Katsina, Jibiya. Ya ɗaga na dama ya ƙirga kwanaki: Asabar, Lahadi, Litinin, Talata, Laraba. Ya haɗa yatsun biyar da biyar ya nuna wa kowa, ya ce Alhamis da hantsi suna Maraɗi, har su yi wanka su yi barcin rana. Mutumin Ɗansoshiya ya sa aka maimaita masa, ya gyaɗa kai. Kaka ya ce alhamdulillahi, aka zuba dara.

Ni kuwa na duba littafina, na ga a gaban Bichi na rubuta kwana biyu. Ba a rumfa na ji wannan ba, a cikin gida na ji. Ranar da Iya take naɗe wa Kaka riguna ta ware biyu ta ce na Bichi ne, ta ƙara da cewa ba ta taɓa ganin wanda ya kwana ɗaya a gidan wannan matar ba. Goggon Bichi, kamar yadda muke kiranta, tana da wata al'ada. Da baƙo ya tuɓe takalmi a bakin ɗaki, sai ta kwashe ta kulle a akwati, ta ɗaure makullin a bakin zaninta. Ba ta fito da su sai safiya ta biyu, wannan ma idan an yi sa'a. Su tara ne a wurin mahaifiyarsu, ita da Kaka kaɗai suka rage. Kaka yana wurin Iya ta faɗi haka, har ya yi dariya ya ce ai kwana biyun Bichi ba makawa. Ya sani sarai. Amma a rumfa, cikin maza, Bichi yatsa ɗaya ce.

Na ƙirga a littafi sau uku. Kwana shida ne. Daren Alhamis zai same su a Jibiya, su shiga Maraɗi ranar Juma'a, bayan an daɗe da cewa Bakano ya sake gudu.

Sanin abu dabam, faɗarsa dabam. Ranar Litinin na kai musu ruwa, na durƙusa, na buɗe baki. Tela ya ce, "A'a, yau Akawu za ta yi magana, ku yi shiru." Duk suka juyo. Na ce a sha ruwa lafiya, na tashi.

Ranar Talata na sami babana yana ɗinkin taru. Na ce masa kamar kwanakin ba za su isa ba. Bai ɗago ba. Ya tambaye ni ko ni zan koya wa mutanen da suka je Maraɗi a ƙafa hanyar Maraɗi, ya ce in miƙo masa zare. Mahaifiyata tana fama da wankan jego da baƙin barka, ta ce in gaya wa Iya. Iya ta saurare ni sosai, ta ce gaskiyata ce, amma maganar maza ce, kuma ita a ganinta tsoho ya kwana biyu wurin 'yar'uwarsa ya fi masa tonon ƙasa a garin mutane.

Laraba ta wuce ban yi komai ba. A aji aka ba mu lissafi na kasa, abin da ban saba ba.

Ranar Alhamis da sassafe na share rumfa, na yayyafa ruwa, na fara tona gurabe. Da na gama layin farko sai na tsaya ina kallonsa. Gurbi shida ne. Ban shirya komai ba, hannuna ne kawai ya tafi. Na tsinci tsakuwa na sa a na farko. Na karya kara biyu na sa a na biyu da na uku. Sauran ukun na sa musu tsakuwa ɗai-ɗai. Layin ya cika.

Ban ji zuwan Kaka ba. Ya dawo daga masallaci da 'yar rediyonsa a hannu, ya tsaya a bayana.

"Akawu, wane irin zubi ne wannan? Wa ya koya miki cika layi?"

Na so in share da ƙafa in gudu. Amma yashi nake kallo, ba fuskarsa ba, sai na ga maganar ta fi sauƙin fita. Na taɓa gurbin farko.

"Asabar, Kano."

"To."

"Lahadi, Bichi. Litinin, Bichi."

Ya kashe rediyon. Na ci gaba, Talata Kankiya, Laraba Katsina. Da na kai gurbi na shida, sai na ɗora yatsa a kai kawai.

Kaka ya tsuguna a hankali saboda gwiwa. Ya daɗe yana kallon layin, irin kallon da yake yi idan abokin wasa ya yi tafiyar da bai zata ba. Ya taɓa karan nan biyu, ya bar su.

"Tun yaushe kika gani?"

"Tun Lahadi, Kaka."

"Kika riƙe shi kwana huɗu a ciki kamar kuɗin adashi." Ya girgiza kai. "Je ki makaranta. Kada ki taɓa wannan layin."

Da na dawo da rana, layin yana nan, an kife masa faranti don kada kaji su tona. Bayan la'asar sauran biyun suka zo. Kaka ya ɗage farantin ya ce su zo su ga yadda yarinya ta ci tsofaffi uku ba ta taɓa riƙe dutse ba. Ya bi guraben ɗaya-ɗaya kamar yadda na yi. Tela ya sake ɗaga yatsunsa ya ƙirga, ya duba su kamar su suka yi masa ƙarya.

Sai aka shiga neman wanda za a ɗauke. Kano ba ta ɗaukuwa, don ranar suna ba za su fita da wuri ba, kuma nan ake canza mota. Mutumin Ɗansoshiya ya ce ta'aziyyar Kankiya ta kusa shekara a wuyansa, kuma an riga an aika wasiƙa, in ya wuce da wane ido zai dubi 'yarsa. Tela ya ce mutanen Katsina sun ga takarda, watakila har sun ware kajin da za su yanka. Aka ce a haɗe Katsina da Jibiya a yini ɗaya, a tsallaka da yamma. Tela ya ce bayansa ba zai iya ba, Kaka ma ya ce ba ya son ya isa iyaka rana ta yi sanyi da takardar da ba wanda ya san abin da ke cikinta.

Mutumin Ɗansoshiya ya sunkuyo kamar zai yi sirri, ya ce da ƙarfi, "Malam, ka tafi da takalmi biyu mana. Ta kulle ɗaya, ka fita da ɗaya da asuba."

"Jaka take fara buɗewa," in ji Kaka. Aka yi dariya. Da dariyar ta lafa ya ce, "Kuma ba takalmin ne ke riƙe ni ba. In na shiga gidan nan, ba zan iya fita a kwana ɗaya ba."

Ya miƙa hannu ya ɗauke karan biyu tare, ya ajiye su a gefe, yadda yake ajiye 'ya'yan da ya ci. Ya ce Bichi ce kaɗai ba a aika wa takarda ba, don haka Bichi ce ba ta jiran kowa. Za su wuce, in sun dawo ya sauka. Kwana ɗayan da ya yi rara a bar shi saboda halin mota. Na lura ranar bai zuba dara ba, ya ce gwiwarsa na ciwo.

Saura matsala ɗaya. Duk motar Katsina tana tsayawa a tashar Bichi, gidan Goggo kuma bai fi jifa biyu daga tashar ba, rabin masu talla sun san Kaka. Aka yanke cewa zai ja rawani ya rufe fuska ya yi kamar mai barci, ba wanda zai sauka. Na rubuta wannan ma a littafi, don an ce in rubuta duk abin da aka yanke. Iya da ta ji ta ce ita dai ba ruwanta, kuma idan aka tambaye ta ba za ta yi ƙarya ba.

Asabar aka raɗa suna, aka yanka rago. Kafin azahar babana ya raka su bakin titi a Ƙofa. Na sake kwafe tsarin tafiyar a sabon shafi, rana a hagu, gari a dama, na yage na ba Kaka. Ba ya karanta boko, amma ya ninke ya sa cikin jakar duwatsunsa.

Bayan kwana goma sha ɗaya tela da mutumin Ɗansoshiya suka dawo, ba Kaka. Tela ya zauna a rumfa, aka kewaye shi, ni ina bakin zaure da tulu.

Ya ce a Bichi komai ya tafi daidai na ɗan lokaci. Kaka ya rufe fuska har da minshari. Sai direba ya tsaya ɗaukar kaya ya daɗe, shi kuma tela ya kasa daurewa, ya ɗauki butarsa ya sauka. A bayan tasha ya yi kiciɓis da makwabcin Goggo, wanda ya taɓa yi wa ɗinki. Ba yadda za a yi ya ƙi gaisawa. Mutumin ya rako shi har bakin mota. Nan mutumin Ɗansoshiya ya zunguri Kaka ya yi irin raɗarsa: "Malam, kada ka motsa, makwabcin ƙanwarka ne." Tela ya ce har mai sayar da rake a tsallaken titi ya juyo.

Kwanan rarar ma bai yi rara ba. Mota ta lalace musu bayan Kankiya, suka kwana a wani ƙauye suna jiran a kawo ƙarfen gyara daga Katsina. Sun shiga Maraɗi ranar Alhamis ana kiran azahar.

Majemin, in ji tela, ɗan ƙaramin tsoho ne, idonsa ya kusa tafiya, da yatsu yake lalubar gurabe. Da aka ce masa ga Bakano, ya riƙe hannun Kaka ya daɗe bai saki ba, ya tambaye shi ina jakunan. Kaka ya ce sun gaji da jira sun mutu. Aka tona gurabe a tsakar fili, mutane suka yi da'ira. Kaka ya zazzage duwatsunsa, majemin ya shafa ɗaya ya ce su ne, bai manta santsinsu ba. Suka fara bayan la'asar, ba su gama ba sai da rana ta kusa faɗuwa.

Babana ya tambaya wa ya ci.

Tela ya ce majemin ne, da ƙyar. Uku da biyu ke nan. Amma da aka gama, tsohon ya sa aka ɗaga shi tsaye, ya ce wa jama'a su shaida, shekara arba'in yana cewa mutumin nan ya gudu, yau ya janye, duk wanda ya kai wancan saƙon ya kai wannan ma. Daga nan tela ya shiga labarin nasa wasan, yadda ya kai kwana na uku kafin wani mutumin Damagaram ya fitar da shi. Wannan ya fi na farko tsawo sosai.

Kaka ya sauka a Bichi a hanyar dawowa, kamar yadda ya ce. Sai da ya kwana shida ya iso gida. Ina shara na hango shi yana tahowa daga titi, yana jan ƙafa, ba irin jan gwiwa ba. Takalman da ke ƙafarsa ba nasa ba ne, wasu tsofaffin sau-ciki ne da suka yi masa yawa, an cusa tsumma a gaba. Na marigayi mijin Goggo ne.

Ya gaya wa Iya cewa ranar farko Goggo ba ta ce masa uffan ba. Ta kawo ruwa, ta kawo tuwo da man shanu, ta kwashe takalma, ta koma ɗaki. Rana ta biyu ta tambaye shi ko minsharin da aka ce ya yi a tasha ya warke. Da zai taho ta ce takalmansa suna akwati, ranar da ya tashi zuwa Bichi don Bichi, ba don hanya ta biyo ba, ya zo ya karɓa. Iya ta yi dariya har da hawaye. A daren nan Kaka ya cinye tuwonsa tas, ya nemi ƙari.

Washegari na tona gurabe kamar kullum. Ya fito ya miƙo mini shafin nan da na yage, ya yi laushi, ya ɗauki warin fata. Ya ce wani malamin makaranta a Jibiya ya karanta musu shi, ya yaba rubutun. Bai ƙara komai a kai ba, ya aike ni in kira masa tela.

Bayan Babbar Sallah ya shirya zuwa karɓo takalmansa, ya ce da ni za a tafi, tunda ni na jawo. Ita ce tafiyata ta farko da ta wuce Kano. Muka isa ranar Juma'a da yamma, da niyyar dawowa Lahadi don in shiga aji Litinin. Goggo gajeriya ce, fuskarta irin ta Kaka sak. Na durƙusa na gaishe ta, kaina a ƙasa.

"Ke ce akawun da ta cire ni daga lissafi?"

Na ƙara sunkuyar da kai. Ta ɗago haɓata ta dube ni, ta ce in shiga ciki akwai fura. Da na waiwaya daga bakin ɗaki, na ga ta sunkuya ta kwashi sau-cikin da Kaka ya tuɓe, ta haɗa da takalman makarantata.

Sai ranar Laraba na koma aji.